Wa Ya Faɗa? Tarihin Amana Tsakanin Ƴan Jarida da Masu Sauraron Hausa

Harshen Hausa ya tanadar wa mai ba da labari wasu ƙananan kalmomi da yake auna nauyin maganarsa da su kafin ya sake ta. Idan ya ce «wai», ya zare hannunsa ke nan, duk abin da ya biyo baya babu ruwansa. Idan ya ce «an ce», ya jingina maganar a kan jama'ar da ba su da fuska. Idan kuwa ya ce «in ji wane», to ya kafa shaida, ya ba ka sunan wanda za ka je ka tsare idan magana ta tashi ƙarya. Mai sauraro ma ya san wannan ma'auni, shi ya sa tambayarsa ta farko ba ta cika wuce «wa ya faɗa?» ba. Tarihin aikin jarida a ƙasashen da ake jin Hausa, daga Yamai zuwa Kumasi, daga Garwa zuwa Mai Wurno ta Sudan, kusan dukkansa kokawa ce da wannan tambaya. Yanzu da na'ura ta koyi magana da muryar mutum, tambayar ta dawo da ƙarfin da ba a taɓa ganin irinsa ba.

Kafin takarda da akwatin rediyo, labari yana tafiya ne da ƙafa. Sarki yana da sankira da mai shela, wanda in ya tsaya a bakin kasuwa kowa ya san bakin wa ya ci albasa. Fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin Gwanja da Kano su ne ke kawo labarin farashi, da na yaƙi, da na hanyar da ta mutu. Suna sauke shi a zango tare da kaya, fatoma ya tace, ya san wane madugu ne maganarsa take ci, wane ne kuma mai ƙara gishiri. Alhazan da suka keta Cadi da Sudan a ƙasa sukan dawo da labarin gabas bayan shekaru. A zauren malamai kuwa akwai wani tsari da ya fi duk waɗannan tsanani, wato isnadi: ba a karɓar hadisi sai an jero sunayen waɗanda suka miƙa shi hannu da hannu, an kuma binciki halin kowannensu da ƙarfin haddarsa. Al'ummar da ta tashi a kan wannan tarbiyya ta saba da yarda da mutum kafin ta yarda da labari. Wannan ɗabi'a ce ta yi wa rediyo shimfiɗa, ita ce kuma yau take neman zama tarko.

Jaridar Hausa da ta fi kowace shahara ji-ta-ji-ta ce ta yi mata unguwarzoma. A 1938, lokacin da Turai ke lallashin Hitler, magana ta bazu a Najeriya cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus wasu ƙasashen da take mulka. Tsoron irin waɗannan raɗe-raɗi na daga cikin abin da ya sa hukumar mulkin mallaka ta amince a kafa jarida da Hausa a Zariya. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana sama da shi. Sunan kansa alkawari ne: ka ba da kwabo, a ba ka abin da ya fi shi. Sai dai mai karatu ya lura, gaskiyar da aka yi alkawarinta ta fito ne daga maɗaba'ar mai mulki. Abin da ya ceci jaridar shi ne Imam ya buɗe shafukanta ga wasiƙun masu karatu, ya rubuta Hausar da ake iya karanta wa taro da babbar murya, har wanda bai yi boko ba ya ji kamar da shi ake hira. A ɓangaren Faransa ba a yi irin wannan ba. Jaridun Nijar da Faransanci suke, masu karanta su ƴan tsiraru ne a ofisoshi. Sai bayan samun ƴanci hukumar yaƙi da jahilci ta riƙa buga ƙananan jaridu da harsunan ƙasa, irin su Ganga da Muryar Damagaram. Saboda haka a Nijar, da ma zangunan Ghana da arewacin Kamaru, tarihin jarida tarihin kunne ne fiye da na ido.

Accra ce ta riga kowa. A 1935 aka buɗe tashar ZOY, kuma da yaƙin duniya na biyu ya taso Hausa na cikin harsunan da aka riƙa watsa labarai da su, don ita ce harshen bariki da na zango. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na sashen Hausa na BBC, shirin minti 15 kacal. Radio Niger ta fara aiki a 1958, Rediyon Kaduna a 1962, Jamus da Sin suka buɗe sassansu na Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Ba don son Hausa ƙasashen nan suka zuba dukiyarsu ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kowa na neman kunnen miliyoyin mutanen da harshe guda ya haɗa. Amma ƙaramin akwati mai aiki da batir ya yi wani abu da masu shi ba su shirya ba. Ya ba manomin Tasawa da maɗinkin Nima ikon murɗa maɓalli su kwatanta. Mutum ya ji Landan da asuba, ya ji Jamus da rana, ya ji tashar ƙasarsa da dare, sannan a majalisa a baje duka a faifai. Mai sauraron Hausa ya daɗe yana aikin edita ba tare da an ba shi kujera ba.

Akwai wani gwaji da aka yi a Nijar wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a cika tunawa da shi ba. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Tsarin mai sauƙi ne: a ƙauye ana samun jagora, sau da yawa malamin makaranta, ya tara mutane su saurari shiri a kan noma, ko lafiya, ko haraji, ko aure, bayan an gama a tattauna, jagoran ya ɗauki muryoyinsu a tef ya aika Yamai, a tsinci wasu a saka a shiri na gaba. Talaka ya ji muryar maƙwabcinsa tana fitowa daga akwatin da shugaban ƙasa ke magana a cikinsa. Gwamnatin jam'iyya ɗaya ce, babu shakka ana tace abin da za a saka, amma darasin ya zauna: mutane sun fi amincewa da gidan da ke sauraronsu. Duk shirye-shiryen kiran waya da suka cika tashoshinmu a yau jikokin wannan tef ne.

Rediyon gwamnati kuwa a hankali ya riƙa cinye jarinsa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 aka sauya wa tashar suna zuwa Muryar Sahel, amma tsarin labarai bai sauya ba: a fara da shugaba, wa ya gana da shi, ina ya je, sannan in lokaci ya rage a taɓo sauran duniya. Mutane suka koyi karanta shirun tashar fiye da maganarta. In aka ji taken soja da sassafe babu sanarwa, kowa ya san an kwana da wani abu. Misalin da ya fi tsaya wa ƴan Nijar a rai shi ne na ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999, da dogaran fadar shugaban ƙasa suka harbe Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin saman Yamai, firaminista Ibrahim Assane Mayaki ya fito a kafar gwamnati ya kira abin da hatsari. Kafin rana ta faɗi tashoshin waje sun faɗi yadda aka yi. A 2005 ma, lokacin da hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi suka zagaya duniya, shugaba Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ba ya buƙatar a gaya masa wa ya fi kusa da gaskiya. Kowane irin wannan lamari yana tura kunnuwa dubbai zuwa gajeren zango.

Iskar 1990 ce ta buɗe ƙofa. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu, a watan Mayu Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské, jarida mai zaman kanta ta farko a wannan zamani. Le Républicain ta Maman Abou ta biyo baya a 1991. Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 an watsa shi kai tsaye, mutane suka ji da kunnensu ana tuhumar manyan da a da ko sunansu ba a ambata sai da raɗa. R&M ta buɗe a 1994, Anfani ta Grémah Boucar ta biyo ta, sannan Ténéré da Saraounia da sauransu, kuma a 1999 aka kafa rediyon al'umma na farko a Bankilaré. Amana ta wannan zamani da tsada aka saye ta. An rufe Anfani lokacin zaɓen 1996, aka kuma farfasa mata kayan aiki a 1997. Moussa Kaka ya shiga kurkuku a watan Satumba 2007, bai fito ba sai Oktoba 2008, kuma hujjar da aka riƙe a kansa hirarrakin waya ne da aka naɗa tsakaninsa da ƴan tawayen arewa. A wancan lokacin gardamar da aka yi a kotu ita ce ko an naɗi muryar bisa doka. Ba wanda ya yi tunanin tambayar ko muryar tasa ce.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ƴancin ya zo ba tare da kuɗi ba. Kasuwar talla ƙarama ce, albashi ba ya zuwa a kan kari, wasu ma ba su da shi sam. Sai al'adar ambulan ta samu gindin zama: a kira taron manema labarai, a ƙarshe a raba «kuɗin mota», gobe labarin ya fito yadda mai taro ke so. Ƴan siyasa da ƴan kasuwa suka buɗe tashoshinsu, ko suka sayi sa'o'i a na wasu, aka ɗora sojojin baka a kan makirfo. Mai sauraro ba wawa ba ne. Cikin mako guda yakan gane tashar wa ke ci daga hannun wa. Duk wanda ya ce na'ura ce ta kashe yarda da ƴan jarida ya manta da wannan babi. Ta tarar da gini ya riga ya tsage.

Wannan zaizaya ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, binciken Gallup ya nuna kashi 72 cikin ɗari na mutane sun amince da kafafen labarai a 1976. A 2025 adadin ya sauko zuwa 28. Rahoton shekara-shekara na cibiyar Reuters da ke Oxford ya tsaya a kashi 40 a ƙasashen da yake aunawa, shekara uku a jere har zuwa 2025. Amma rahoton masu intanet yake tambaya, a Afirka ma ƙasashe huɗu kawai yake dubawa, babu Nijar, babu Cadi, babu Kamaru, babu Ghana. Ma'auninmu na nan gida shi ne abin da ake faɗa a teburin mai shayi idan aka gama labarai.

Wayar salula ce ta sauya komai, musamman saƙon murya na WhatsApp. Shi ya dace da al'ummar da ta fi sauraro a kan karatu, kamar an auna mata. Wanda a da ake kira rediyo mai jini, mai yawo da labari daga majalisa zuwa majalisa, yanzu ya samu eriya. Saƙo yakan zo daga ɗan'uwa ko abokin karatun allo, saboda haka yana ɗauke da amanar wanda ya turo shi, alhali shi ma turo masa aka yi. Isnadin mutum ɗaya ne tal, daga shi sai duhu. A watan Agusta 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu. A 2018 maganar cewa shugaba Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jubril daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya musanta ta a ƙasar Poland a watan Disamba. Duk wannan ya faru ne babu ƙirƙirarriyar basira a ciki. Gwamnatoci suka mayar da martani da abin da suka iya: Cadi ta toshe shafukan sada zumunta wata 16 daga Maris 2018, Nijar ta yanke intanet na waya kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021. Toshewa ba ta taɓa kashe ji-ta-ji-ta ba, sai dai ta ƙara mata daraja.

A wannan shekara ta 2018 aka yi wani aiki da nake ganin shi ne mafarin sabon salon jarida a yankinmu. A watan Yuli wani bidiyo ya bazu, sojoji suna tafe da mata biyu da yara biyu a kan wata hanyar ƙasa, suka rufe musu ido suka harbe su. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin bogi ne. Sashen bincike na BBC Africa Eye, tare da wasu masu bincike masu zaman kansu, bai ce «ku yarda da mu» ba. Ya ɗauki zanen tsaunin da ke bayan hoton ya daidaita shi da taswirar tauraron ɗan adam har ya kai ga wata hanya kusa da Zelevet a lardin Arewa Mai Nisa. Ya duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a riga an gina ba, ya auna tsawon inuwar sojojin, ya ce an yi kisan tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu 2015. Ya nuna irin bindigogin da kakin. Kowane mataki a fili, mai kallo na iya bi da idonsa. A watan Satumba 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma. Abin lura a nan, sunan gidan bai wadatar ba; sai da aka baje hujja kamar yadda mai awo ke juya mudu a gaban mai saye.

Daga nan na'ura ta shigo, kuma abin mamaki, tsoronta ya riga ta isowa. Ranar 31 ga Disamba 2018 aka nuna jawabin sabuwar shekara na shugaban Gabon Ali Bongo, wanda ya yi wata biyu yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Fuskarsa ta yi wani iri, sai aka ce haɗa hoton aka yi. Mako guda bayan haka wasu sojoji suka kama gidan rediyon ƙasa, suna kafa hujja da jawabin cewa shugaban ba zai iya mulki ba. Masu binciken da suka duba bidiyon ba su sami alamar haɗi ba. Zato kaɗai ya isa a ɗauki bindiga. A Janairu 2023 aka ga na gaske: wasu mutane a bidiyo suna kiran kansu Amurkawa masu kishin Afirka, suna kira a goyi bayan sojojin Burkina Faso, ashe ba mutane ba ne, gumakan wata manhaja ce mai suna Synthesia. A Oktoba 2023 BBC ta bankaɗo wani shafin TikTok da ke sakin sautuka da muryar Omar al-Bashir, ana cewa an sato su ne, a tsakiyar yaƙin Sudan. Da aka bincika sai aka tarar wasu daga cikinsu maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya yi kwanaki kafin nan. Aka ɗora sautin biyu a kan juna suka tafi tare, har wuraren da ake yin shiru. Kalmomin na wani, muryar ta wani. A 2025 kuma waƙoƙin yabon Kyaftin Ibrahim Traoré da aka jingina wa Beyoncé da R. Kelly suka cika wayoyi daga Wagadugu har Kano.

A nan haɗarin ya fi kusa da mu fiye da Turai. Mun ce Bahaushe da murya yake yarda. To na'urar kwaikwayon murya ba ta buƙatar komai sai samfuri, kuma ba wanda ya fi tsohon mai gabatar da labarai ko malamin da ke tafsiri duk azumi yawan samfuri a intanet. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne ya fi sauƙin kwaikwaya. Ɗaya fuskar kuma ita ce mai laifin da aka naɗa da gaske yanzu ya samu mafaka: ya ce na'ura ce. «Gani ya kori ji» karin magana ne da ya yi mana hidima shekaru aru-aru, ga shi yau ganin ma yana buƙatar shaida.

Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da tsohon tsarin kwatanta tashoshi ke rushewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta, suka dakatar da BBC wata uku a Disamba 2024. A Maris 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka, masu jiran shirin Hausa suka ji kiɗa a madadinsa. Ana iya gardama a kan son zuciyar tashoshin waje, kuma gardamar tana da tushe, don kowace da ƙasar da ke ciyar da ita. Amma mai sauraron da ya saba auna uku ya fitar da ɗaya, idan aka bar shi da guda, ragowar awon a WhatsApp zai nemo shi. Doka ma ta yi ta kai da komowa: a 2010 aka cire ɗauri daga laifukan aikin jarida, a Nuwamba 2011 shugaba Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a sanarwar Table Mountain, a 2019 dokar laifukan intanet ta dawo da ɗaurin ta bayan gida, a 2022 aka sassauta ta, a Yuni 2024 aka sake tsaurara ta. Ɗan jaridar da ke son ƙaryata labarin bogi yana buƙatar ikon faɗin na gaskiya, ko da bai yi wa hukuma daɗi ba.

To yaya masu sana'ar suke yi? Hanya ta farko ita ce mayar da tantancewa sana'a mai zaman kanta. Africa Check ta fara a 2012, ta buɗe ofishin Faransanci a Dakar a 2015. Dubawa, wadda sunanta ma Bahaushe ne, ta fara a Najeriya a 2018 ta tsallaka Ghana a shekara mai biyowa. A zaɓen Ghana na Disamba 2024 ita da GhanaFact da Fact-Check Ghana suka haɗa ɗaki guda suna bin maganganu. A 2024 aka buɗe Alkalanci, mai yin wannan aiki da Hausa zalla. A Yamai, Studio Kalangou tun 2016 yake shirya labarai da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, tashoshin al'umma da masu zaman kansu suna karɓa suna watsawa. Raunin wannan hanya a bayyane yake: ƙarya tana tafiya da murya, gyara kuma sau da yawa yana fitowa a rubuce, a shafin da tsohuwar da aka tura wa saƙon ba za ta taɓa buɗewa ba. Gyaran da bai koma sauti ya bi hanyar da ƙaryar ta bi ba, ya tsaya a birni.

Hanya ta biyu ita ce a sa na'urar aiki. Ba sabon abu ba ne. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP yake barin kwamfuta ta rubuta rahotannin ribar kamfanoni. A zaɓen Najeriya na 2023 masu tantance labarai sun yi amfani da manhajar ƙungiyar Full Fact ta Ingila wajen tsamo iƙirarin ƴan siyasa daga tarin jawabai. A ƙaramin ɗakin labarai, inda mutum ɗaya ne ke ɗauko rahoto, ya fassara sanarwar minista daga Faransanci, ya karanta, ya kuma haɗa sauti, jarabar miƙa wa na'ura fassara babba ce, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a karanta abin da ta bayar ba a duba ba. BBC ta gwada manyan manhajojin hira guda huɗu da labaranta, a rahoton da ta fitar a farkon 2025 ta ce ta tarar fiye da rabin amsoshin suna da matsala babba, da Turanci ke nan, harshen da suka fi ƙwarewa a kai. A watan Mayu na wannan shekara jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafan da ta shawarci mutane su karanta, akasarinsu ba a taɓa rubuta su ba. Yarjejeniyar Paris da ƙungiyar RSF ta jagoranta a Nuwamba 2023, ƙarƙashin Maria Ressa, ta tsaya a kan cewa alhakin duk abin da aka buga yana wuyan gidan jaridar, kuma a riƙa bayyana wa jama'a inda na'ura ta sa hannu.

Da Hausa lamarin ya fi haka santsi. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun Disamba 2013, an kuma ci gaba ƙwarai, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, yawancin masu rubutu a waya kuma ba sa sa ƙugiya. «Gari» na iya zama birni ko na tuwo, «fari» na iya zama launi ko rashin ruwan sama, kuma a rahoton ƙarancin abinci waɗannan ba ƙananan kurakurai ba ne. Abin da na'urar ta koya ma akasari Hausar Kano ce ta jaridu da shafukan tashoshin waje. Ka ba ta hirar kasuwar Maraɗi, inda mai hatsi zai ce tiya ɗari yana nufin dala ɗari, wato sefa 500, ko ya ce jika yana nufin sefa 1000, sai ta rubuta farashin da ya gaza na gaskiya sau biyar ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ka ce mata mushe ya shiga aji, ita mushen dabba ta sani, ba ta san malamin lakkol ba. Ana dariya, amma wannan rauni yana da amfani na ɗan lokaci: muryar bogi da aka yi wa ɗan Tawa ko ɗan Dogonduci takan fito da lafazin da ba nasa ba, kunnen ɗan gari ya kama. Editan da ya san karin harshen yankinsa yana riƙe da abin tantancewar da babu shi a manhaja. Wannan rata tana cikewa kullum, bai kamata a jingina da ita ba.

Abin da zai cike ta kuwa yana hannun gidajen rediyon ne. Na'ura ba ta koyon Hausar Damagaram ko ta zangon Kumasi sai da dubban sa'o'i na magana da aka naɗa, kuma waɗannan sa'o'i suna jibge a ɗakunan ajiyar Muryar Sahel, da na gidan rediyon Ghana, da na Garwa, da cibiyar CELHTO ta Yamai mai tattara tarihin baka tun 1968, da kwamfutocin tashoshin al'umma da ƙura ta rufe. A ƙasashen da suka riga mu shiga wannan rigima an fara ciniki: AP ta yi yarjejeniya da OpenAI a Yuli 2023, New York Times kuma ta kai shi ƙara tare da Microsoft a Disamba na shekarar. Tashar FM ta Birnin Ƙonni ba ta da lauyoyin New York Times. Ranar da wani zai zo da takarda da ɗan abin hasafi yana neman kwafin tsofaffin shirye-shirye, daraktan da ke bin ma'aikatansa bashin albashin wata uku shi ne zai yanke shawara, a kan muryoyin manoman da suka yi magana a tef ɗin kulob ɗin rediyo shekara sittin da suka wuce, waɗanda ba a taɓa tambayarsu ba.